Latas ɗin Maharazu

"Ɗanyen ganye kuma? Ke da ko yaji kika sansana sai cikinki ya murɗa?" Yaya Hassana ta faɗa, tana hararar yankakkun jarkokin da ke jere a gindin katanga. "Bari in tuge shi in ba akuyar maƙwabta, kowa ya huta."

Bahijja ta bi jarkokin da kallo. Yau kwana talatin da biyu da rasuwar mijinta Maharazu, kuma tun da aka fita da shi daga gidan nan na Mandawari bakinta bai ƙara sanin ɗanɗano ba. A miƙo kunu, ta sha. A ce lokacin salla ya yi, ta tashi. Masu gaisuwa su yi ta kuka, ita tana kallon bakinsu.

Shekara uku suka yi ita da Maharazu suna musu a kan latas. Duk ranar da ta ci kwaɗonsa, wuni take a kwance riƙe da ciki. Likita ya ce ta haƙura da duk abin da cikinta ya ƙi. Shi kuwa Maharazu, malamin firamare mai kafiya, ya dage ba laifin ganyen ba ne, ruwan kwatar da wasu masu lambu ke ba shi ne.

"Zan shuka miki nawa da ruwan randarmu, ranki ya daɗe," in ji shi. "In ya taɓa ki, ni zan sha maganin a madadinki."

Ya cika jarkoki da ƙasa da taki, ya zuba iri. Tsiron kawai ya gani. Ita ta ci gaba da ban ruwa kowace safiya, ba ta ma san dalili ba.

"Duba, har ya fara tsawo," Hassana ta ce. "Nan da jibi zai yi fure ya koma ɗaci, ba mai iya cinsa. Ni dai ba zan haɗa jinya da takaba ba, ƙanwata."

Bahijja ta durƙusa ta tsinki ganye ɗaya. Sanyi gare shi, da sauran ruwan safiya a jikinsa. Ta jira hawaye. Ba su zo ba.

"Yaya," ta ce, muryarta a bushe, "daka mini ƙuli, ban da yaji. Yau zan ci, in san ko shi ne da gaskiya."