Safar Fuatino

A ƙauyenmu da ke tsibirin Savai'i, in ka ji mata na shara tun kafin rana ta fito, to ranar zagayen kwamitin mata ce. Gida gida suke bi sanye da fararen kaya, su duba tukwane da gidan sauro, su kuma sa kowace mace ta shimfiɗa sabuwar tabarmar da ta saƙa a wannan wata. Shekara goma sha ɗaya Fuatino ke shugabancin kwamitin, kuma wallahi matar nan baki gare ta. In ta ga gwangwanin nama a kwandon shararki, sai ta ɗaga shi sama kowa ya gani, ta tambaye ki ko so kike ki binne mijinki kafin Kirsimeti.

Abin da ba wanda ya sani shi ne ita kanta ciwon suga ya daɗe da kama ta. Likita ya faɗa mata shekara uku da suka wuce, ta cusa maganin a ƙasan akwatin tufafi, ta ci gaba da shan shayinta da cokali huɗu na sukari. Ba ta son a ce mai yi wa mutane faɗan abinci ita ma ta faɗa ramin. Watanni biyu ke nan wani ɗan ciwo ya fito mata a ƙasan ƙafar hagu. Ba ya zafi, don ƙafar ta daina jin komai. Ta riƙa ɗaura masa ganye da tsumma, ta ɗora farar safa a kai. A wannan zafi namu, safa! Duk wadda ta tambaya sai ta ce 'yarta ce ta aiko daga birnin Auckland, ba ta son 'yar ta ji haushi.

Ranar nan gida na bakwai da suka shiga na Leitu ne, wata yarinya mai shiru da aure ya kawo ta daga wani ƙauye. Irinsu ba su da ta cewa a garin miji, aikinsu murhu da gaisuwa. Leitu ta yi makonni tana saƙar tabarmarta, ga ta nan fara tas, saƙa ƙanana kamar an yi da allura. Matan suka tuɓe takalma a bakin zaure yadda aka saba, suka hau. Fuatino ce a gaba. Ta taka daga wannan gefe zuwa wancan tana duba bakin saƙar, sannan ta zauna ta tanƙwashe ƙafafu.

Sai ta ji zauren ya yi tsit. Ta bi idanun mata da kallo, ta ga abin da suke gani: tabo huɗu a jere kan farar tabarma, ruwa-ruwa, ja da ruwan ɗorawa, ga wani ɗan wari yana tashi. Na ƙarshe ya ƙare daidai inda take zaune, sai dai zanenta ya rufe shi. Ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba tun tana yarinya, har kunnuwanta suka ɗau zafi.

Leitu ta ga komai, don tana durƙushe a bakin zaure lokacin da ƙafar ke sauka. Ta matso da gwiwa, kanta a ƙasa, ta ce a yi mata afuwa, ɗazu ta gyara kifi a kusa, ruwansa ne ya ɗiga ba ta lura ba.

Fuatino ba ta ƙaryata ta ba. Ba zan ɓoye ba, ta ji sanyi a ranta, har ta fara tunanin yadda za ta miƙe ta fita ta baya ba tare da ta sake taka tabarmar ba.

Apolonia, mataimakiyarta, ita ta karɓi maganar. Shekara da shekaru tana zaune kusa da Fuatino tana koyon salon faɗa, yau ta samu fili. Ta tambayi Leitu ko a ƙauyensu a kan tabarmar baƙi ake yanka kifi. Ta ce ba mamaki surukarta kullum tana kwance, wa zai yi lafiya a gidan ƙazama. Ta ce gobe a taron mata za a ɗaga tabarmar nan kowa ya gani. Wasu suka yi 'yar dariya. Leitu ba ta ɗago ba, hawaye ne kawai ke sauka a kan hannunta.

Kowace kalma Fuatino ta gane ta, don tata ce. Har yadda Apolonia ke karkata kai tana nuni da yatsa, nata ne. Ta dubi yarinyar da ke shan zagi saboda ƙafarta, ta ji ta tsani kanta.

A wurinmu ba a miƙe ƙafa a zaure ta fuskanci mutane, rashin kunya ne babba, ko yaro ya yi sai an make shi. Fuatino ta warware zamanta, ta miƙe ƙafar hagu a tsakiyar mata goma sha biyu. Ta kama safar za ta cire. Safar ta manne, sai da ta ja da ƙarfi ta fita tare da tsumman. Ita kanta ta yi kwanaki ba ta duba wurin da rana ba. Ciwon ya yi rami, yatsu biyu sun yi baƙi.

"Ba kifi ba ne," in ji ta. Muryarta ta yi ƙasa har sai da na baya suka matso. "Suga gare ni. Shekara uku ke nan."

Wata tsohuwa ta kai hannu baki. Leitu ta tashi ta ɗebo ruwan ɗumi a kwano, ta durƙusa za ta kama ƙafar, Fuatino ta riƙe hannunta.

"Bari, 'yata, kin ɗauki abin da ya isa yau."

Sannan ta juya wajen Apolonia ba tare da ta iya haɗa ido da ita ba, ta tambaye ta ko motar asibiti ta riga ta wuce. Aka ce tana nan tafe da azahar. Ta ce to a taimaka a ɗaga ta, don ba ta san ko ƙafar za ta kai ta bakin titi ba.