Ranar Sunan Shayin Goggo Tasalla

Jiya da dare na yi wani mafarki, har yanzu raina bai gama hucewa ba.

Na gan ni a wani gari inda ruwan sama ke tsirowa daga ƙasa ya nufi sama, mutane na taka laimominsu suna tafiya. Teburina na shayi yana nan yadda na san shi, da burodi da gwangwanayen madara. Goggo Tasalla, ƙanwar mahaifina da ta raine ni, tana gefe tana mulmula ƙullin rogo ƙanana-ƙanana kamar 'ya'yan carbi. Ta dafa su da sukari har suka yi baƙi, ta watsa cikin shayi mai madara, ta girgiza, ta miƙo min.

"Sha ka tauna, Ɗantani. Tun safe cikinka ba komai."

Na sha, na tauna. Kafin in ajiye kofin, layin masu so ya kai bakin kasuwa.

Sai ga ni a wani ofis. Wani bunsuru mai tabarau yana zaune bayan tebur, yana cin takardun da ya gama sa wa hannu.

"Malam, a garin nan duk abin da aka haifa sai an raɗa masa suna ran bakwai," in ji shi. "Shayi ma haka. Wane suna ka zo da shi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Shayin Tasalla. Ita ta fara shi."

"Tana cikin kofin?"

"A'a. Amma yatsunta ne suka mulmula abin da ke ciki."

Ya leƙa kofin ta saman tabarau. "Ni kumfa na gani."

"Kumfar ai girgizawa ce ta kawo ta. 'Ya'yan rogon suna ƙasa."

"To, mu a nan na sama ake sa wa suna. Na ƙasa sai dai a tauna shi."

Ni ba mai faɗa ba ne, kowa ya san haka. Amma na ji kunnuwana sun yi zafi.

Sai ga mu a taron suna. An shimfiɗa tabarmi a jikin bango, kowa ya zauna a kai bai faɗo ba. Ragon suna shi ke rabon goro. An naɗe kofin shayin cikin zane, wata tsohuwar akuya tana jijjiga shi. Kumfa kuwa ta zo da babbar riga, ta zauna a gaba, ana ta yi mata barka da arziki.

Na matsa kusa da ita na ce, "Baiwar Allah, kin taɓa fere rogo?"

Ta ce, "Mene ne rogo?"

"Kin jiƙa? Kin tace? Kin san zafin tukunya?"

"Ni dai na taso na gan ni a sama."

Na waiwaya neman Goggo ta yi magana. Tana can bayan taro tana wanke kofunan baƙi, ko goro ba a ba ta ba.

Maroƙi, wani ɗan akuya mai ƙaton murya, ya miƙe zai sanar. Na ce tunda na sama ake so, bari in gyara musu. Na karɓi kofin na kifa shi, don 'ya'yan rogon su dawo sama. Ashe na manta garin da nake. Shayin bai zube ba, ya bi ruwan sama ya tashi, kumfa na gaba. 'Ya'yan rogon kaɗai suka faɗo, suka gangara har gaban Goggo. Ta tsince su ɗaya-ɗaya ta ƙulle a bakin zaninta.

"Sunan yaro Shayin Kumfa!" in ji maroƙi. Aka shafa, aka rangaɗa guɗa.

Na ɗaga murya na ce wannan zalunci ne, ai tun asuba matar nan take aiki. Bunsurun ya cire tabarau ya ce, "Kai, me aka rubuta a allon teburinka?"

Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ji ƙarar murfin tukunya, ƙwal-ƙwal-ƙwal. Na farka. Goggo ce a tsakar gida, ta riga ta hura wuta, ta wanke kofuna.

"Tashi mana," ta ce, "ruwa ya tafasa. Mutane na can suna jiran Shayin Ɗantani."