Rubuta Ki Kawo In Sa Hannu

A ofishinmu na lauyoyi akwai wani tsari da na gada daga wanda ya horar da ni, ban kuma taɓa tsayawa na tuhume shi ba: ƙaramin lauya ya rubuta, babba ya sa hannu. Haka aka yi mini shekara tara, haka ni ma na yi wa duk wanda ya zauna a teburin da ke bakin taga.

Wadda ke kan teburin a yanzu Jan Biro muke kiranta, domin babu takardar da ke wucewa ta gabanta ba ta yi mata jina-jina da gyara ba. Shekararta huɗu tare da mu. Tun farkon shekara take neman gurbin digiri na biyu a fannin shari'a a wata jami'a ta ƙasar waje. Ta ci jarrabawar harshe, ta yi ta safa da marwa har aka buga wa takardunta hatimi. Da suka nemi samfurin rubutunta, sai ta aika musu da abin da ta fi alfahari da shi: shafi ashirin da shida a kan haƙƙin ɗan haya idan aka sayar da gidan da yake ciki.

Ranar Talata da hantsi ta shigo ofishina ba ta jira izini ba, ta ɗora takarda a kan fayil ɗin da nake dubawa.

"Yallaɓai, karanta."

Saƙo ne daga ofishin ɗaukar ɗalibai. Na'urarsu ta gano cewa rubutun nata ya yi daidai, kusan kalma da kalma, da wata maƙala da ta fito a mujallar lauyoyi shekara biyu da suka wuce. Sun ba ta zuwa ranar Juma'a ta yi bayani, in ba haka ba su rufe fayil ɗinta a matsayin wadda ta saci aikin wani. Sunan marubucin maƙalar yana ƙasa, kuma sunana ne.

Wata uku Jan Biro ta yi tana rubuta maƙalar nan. Ni abin da na yi shi ne sauya take da ƙara sakin layi ɗaya a ƙarshe. Sau biyu aka gayyace ni taro a kanta, na tsaya ana tafa mini. Ita ce kuma a saman jerin ayyukan da na miƙa wa kwamitin da ke tantance masu neman muƙamin babban lauya, wanda zai zauna wata mai zuwa.

"Ki aika musu da wani rubutun," na ce.

"Ba su ce in sauya ba. Cewa suka yi in yi bayani."

"To, me kike so?"

"Wasiƙa daga gare ka, ka gaya musu wanda ya rubuta."

Na ce ta ba ni lokaci. Ta ɗauki takardarta ta fita, ta bar ƙofar a buɗe.

Dogo, abokin da muka kafa ofishin tare, ya saurari labarin yana goge tabarau da bakin rigarsa.

"Tsufa ne ya fara taɓa ka? Ka rubuta cewa ta taimaka da bincike. Kalma ce mai faɗi, kowa ya shiga ya samu wurin zama. Mu wa ya taɓa sa sunanmu? Mun mutu?"

Washegari na kira ta na gabatar mata da shawarar kamar tawa ce. Ko zama ba ta yi ba.

"Idan taimako kawai na yi, sannan na aika da aikin da sunana, me na zama ke nan, Yallaɓai? Kai lauya ne, ka faɗa mini sunan laifin."

"Kin san abin da wannan zai jawo mini a gaban kwamiti?"

"Na sani. Ni na tsara maka jerin ayyukan ai."

"Shekara huɗu ina riƙe da ke kamar 'yar cikina."

"Shi ya sa kai na fara zuwa wa. Rubutun farko yana cikin kwamfutata da kwanan watansa, har da gyaran da ka yi wa taken da hannunka. Ban aika ba. Amma ba zan je wata ƙasa da sunan ɓarauniya ba, ba kuma zan zauna a wannan da shi ba."

Ban yi fushi ba, kuma wannan ya fi damuna. Na yi ta neman abin da zan kare kaina da shi, sai na tuna wata ƙara da na rubuta ina ɗan shekara talatin, wadda har yau ake ambato da sunan maigidan da ya horar da ni, Allah Ya jiƙan sa. Na tuna yadda na tsaya a bayan kotu ina murmushi ana taya shi murna, da yadda na kasa cin abinci a ranar. Abin da na koya daga wannan ciwo shi ne in jira lokacina in yi wa wani.

Ranar Alhamis da safe na je har teburinta.

"Shi ke nan, na yarda. Rubuta ki kawo in sa hannu."

Ta ɗago kai ta dube ni, sai ta yi wata gajeriyar dariya. Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa.

"A'a, Yallaɓai. Shekara huɗu ina ba ka kalmomi. Waɗannan kai za ka nemo su."

Na koma ofishina na rufe ƙofa. Na zauna gaban kwamfuta ina lalube da yatsa biyu, na gane cewa rabon da in haɗa shafi guda da kaina har na manta. Wasiƙar farko ta cika da yabon hazaƙarta ba ta faɗi komai ba, na goge. Ta biyu ta ɓuya a bayan tsarin ofis, ita ma na goge. Ta uku layi bakwai ce: ita ta rubuta maƙalar, ni na sa sunana, ba da izininta ba, kuma na amfana da hakan.

Dogo ya leƙo, ya karanta ta bisa kafaɗata.

"Kwamitin fa?"

"Suna cikin waɗanda za su samu kwafi. Da editan mujallar."

"Ka san ba kanka kaɗai ka tona wa asiri ba."

"Na sani. Ka fara duba naka jerin."

Na kira ta ta karanta kafin in aika. Ta tsaya tana bin layukan, biron nan a hannunta, ni kuwa ina jira kamar ɗalibi. Da ta kai ƙarshe sai ta mayar masa da murfinsa.

"Rubutun bai yi kyau ba," ta ce, "amma daidai ne. Aika."

Na aika.

Ranar Litinin jami'ar ta amsa cewa za ta ci gaba da duba fayil ɗinta. A ranar ce kuma sakataren kwamitin ya buga waya yana so in je in yi bayani. Na ɗauki takarda da biro, na fara shirya abin da zan faɗa.