Layin Mai Gado na Tara

Aikinta a asibitin shi ne mayar da wunin kowane majinyaci haruffa a kwamfuta, bi da bi yadda abin ya faru: B barci, M magani, C cin abinci, Z ziyara. Likitoci ke son jerin don bincike. Ofishinta yana can ƙarshen baranda, daga ita sai fanka mai ƙara.

Ranar Laraba idonta ya faɗa kan layin mai gado na tara. Kwana arba'in cur, ko Z ɗaya babu.

Da lokacin hutu ta je. Wani tsoho ne, ya zuba wa ƙofa ido.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi, 'yata. Wa kike nema?"

"Wajenka na zo."

Suka yi ta hira har aka kawo magani.

Ta koma ta danna Z. Shugabanta ya gani, ya ce, "Malama, ma'aikaci ba ɗan ziyara ba ne. Goge."

Ta yi tsaki, ta goge. Washegari ta sake komawa wajen tsohon, don da za a jera nata kwanakin, haka layinta zai fito, ko Z ɗaya babu.