Pompon Teku a Madafin Salamatou

Ga ta nan ta taso, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, mun ba ta wuri.

A shekarar babban farin nan, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa, an yi wata mata a tsohon garin Agadas, sunanta Salamatou. Ruwa iri biyu ne a gidanta. Akwai rijiyar kakanni a tsakar gida, ruwanta zartsi, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sa baki, da shi ake wanka da wanke-wanke. Na sha kuwa sai a pompon unguwa, inda mata ke jera bido, wato jarkokin ruwa, soja na tsaye da bulala yana yanka wa kowane gida abin da ba zai kai shi yamma ba.

Ɗiyarta Altine ta zo gida goyon ciki na fari. Dangin mijin mutanen Tabelot ne, masu garkar albasa, waɗanda ko a fari ba su saba da auna ruwa da moɗa ba. Salamatou ta rantse ba za su zo suna su koma suna cewa an bar su da ƙishirwa a gidanta ba. Ta samo tano, wato gangar ƙarfe, ta wanke shi tas, ta ajiye a madafi. Kullum ta dawo daga layi sai ta rage wa bakinta ta zuba a ciki, ta rufe, ta ɗora dutse. Ta yi wa kanta alkawari ko yatsa ba zai shiga tanon nan ba sai ranar suna.

Ana haka sai ga yayanta Bahago ya dawo daga Kutunu. Shi dai ya ce kuku ne a wani babban bato, jirgin ruwa mai zuwa ƙasar Turawa. Waɗanda suka gan shi a can sun ce tukwane yake kankarewa a jirgin masunta. Abin da ya tara a shekarun nan duka: hular ma'aikatan jirgi, da tari, da buhu guda. Ya zazzage buhun a gabanta, wani abu ya faɗo mai kamar kunkuru, da ɗan mataki a gefe, da tiyo a nannaɗe.

"Yaya, wannan kuma tarkon ɓera ne?"

"Ji ƙauyanci! Pompon ƙafa ne na madafin bato. Ka taka, ruwan teku ya hau, ka wanke kwano, hannunka biyu a sake. Ruwan daɗi ba ya taɓuwa. Ku nan da kuka ƙi fita duniya, ɓarnar ruwa kawai kuka iya."

"Mu da ba mu da teku?"

"Ga tekunku nan," ya nuna rijiya da haɓa.

Gida na ubansu ne, shi ne babba, ba ta da ta cewa. Ya kwaɓa ƙasa ya gina dakali mai tsawo a bayan madafi, ya ɗora wani tsohon tano a kai, wai a bato teku ce a sama, madafi a ƙasa. Ya huda bango ya zura tiyo. Ku duba mini wannan dabara: da can Salamatou ta ja guga ta wanke kwanonta a bakin rijiya, an gama. Yanzu sai ta ja, ta ɗauka, ta hau dakali ta juye, ta sauko ta zagayo madafi, ta yi ta taka ƙarfe kamar mai saƙa, kafin ruwan da ta ɗauka da kanta ya yarda ya dawo mata ɗis-ɗis.

Bai tsaya nan ba. Wata safiya tana layi, ya sa ƙusa da guduma ya huda tanon suna ta gindi, ya haɗa shi da pompon ta wani robine, wato kan pompo, mai baki biyu. Kaushun cikin robinen, wato robar da ke tare ruwa, zafi ya riga ya tsattsage shi, sai ya yanko guntun tsohon takalmi ya cusa. Ta dawo ta gani, bidon ya kusa suɓuce mata.

"Yaya! Ruwan sunan ne fa!"

"Ke dai tsaya ki ga ilimi. A juya dama, ruwan daɗi. A juya hagu, teku. Haka kaftin ɗinmu yake da shi."

"To a bar shi a hagun. Wanda ya juya dama, ni da shi ne."

Cirewa ba ta yiwuwa, rami ya riga ya samu.

Labari ya zaga unguwa. Maza, waɗanda fari ya zaunar ba aiki sai shayi, suka riƙa zuwa kallo. Ƙato da gemunsa zai tuɓe takalmi, ya ɗage riga, ya taka, ruwa ya yi tsartuwa, ya juyo yana washe baki kamar shi ya haƙa rijiyar. Ba wanda ya taɓa cewa a ba shi guga ya cika na sama. Bahago na gefe da hularsa yana ba su labarin igiyar ruwa mai tsawon hasumiyar masallaci.

Sai kuma abin mamaki ya soma. Salamatou ta ɗaga murfi za ta zuba ɗan abin da ta rage, ta ga ruwan ya wuce inda ta bar shi. Washegari ya ƙara hawa. Ta kira yayanta tana raɗa.

"Ba na gaya miki ba?" in ji shi. "Tattali ke nan. A bato wata guda muke yi tanki bai motsa ba."

Motsawa dabam, ƙaruwa dabam, ko jariri ya san wannan. Tanon sama kuma yana ta ƙarewa da wuri, ta ce masu takawa ne. Amma mace ce da ƙafarta ta gaji da layi, bayanta ya gaji da bido, ta ga tano ya kusa baki, zuciyarta ta ce albarka ce. Da ta tsoma yatsa ta lasa, da ba a yi tatsuniya ba. Ta riƙe alkawarinta, ta daina ragewa, har ta soma ɗaga kai a layi.

Maƙwabciyarta Baturiya ta ce, "Salamu, kin daina tarin ruwa ne?"

"Mu yanzu na'ura ke tara mana, ƙawata. Ku dai ku ci gaba da shan bulala."

Altine ta sauka lafiya, namiji. Ranar suna mutanen Tabelot suka sauko daga babbar mota, maza da mata, fuska duk ƙura. Aka yanka ɗan akuyan da ya fi kama da itace. Bahago ya tara baƙi a ƙofar madafi, ya juya robine dama da yatsu biyu, ya taka. Masu girki suka yi ta tara ruwa, aka ɗora shinkafa, aka dama fura, aka cika butocin shayi. Hayaniya ta hana kowa kurɓa.

Kofin farko aka miƙa wa Malam Alkasum, kakan jaririn na wajen uba. Tsohon ya kurɓa, ya riƙe a baki, idonsa na neman inda zai zubar. Da bai samu ba ya haɗiye.

"Direba ya ɓata hanya ne? Na ce Agadas, ya kawo mu Bilma wurin gishiri."

Wata baƙuwa ta ɗanɗana fura ta ture ƙwaryar da ƙafa. Salamatou ta ruga ta ture dutsen, ta kamfata da tafi ta kai baki. Rijiyarta ce, babu ko tantama. Duk tsawon lokacin nan tanon sama yana sulalowa ta guntun takalmi yana shiga na ƙasa.

"Laifin ruwanku ne," in ji Bahago. "Pompon nan ya saba da teku ta gaskiya."

Salamatou ta sunkuya a gindin tanon. Ta kama tiyon ta fizge, abin da ya rage ya tsiyaye ta ramin ƙusa, ƙasa ta shanye a gaban kowa. Baturiya ta bi gida-gida da tulu, abin da ta samo bai wuce jiƙa maƙoshin mai jego ba. Matan Tabelot suka aika aka kwanto salkar da suka rataye a jikin mota, suka sha, suka miƙa wa Salamatou ita ma ta sha. Ta karɓa, don ƙishirwa ba ta bar mata zaɓi ba. Kafin azahar sun hau motarsu.

Altine ta gama wankan jego ta koma Tabelot, haihuwarta ta biyu ba a bari ta zo gida ba. Bahago ya tafi Anou Araren neman aikin gawayi, yana gaya musu shi injiniyan ruwa ne, suka ba shi gadin ƙofa. Wani maƙeri ya karɓi pompon ya cire ƙarfen ya watsar da saura. Salamatou ta koma layi a bayan Baturiya, ba ta ƙara ɗaga kai ba har damina ta dawo.