Hanyar Katangar Baya

Gwaji arba'in da uku ne, kuma duk sun yi kore. Injiniya ta sake danna maɓallin don ta tabbatar, ta zauna tana kallon layukan suna sauka a allon kwamfuta. Ba injiniya ba ce a takarda. Aikinta a ofis shi ne gwada manhajojin da wasu suka rubuta, ta nemo inda suke karyewa. Babanta ne ya laƙaba mata sunan tun ranar da ta gyara masa rediyo da tsinken tsintsiya, sunan kuma ya zauna.

Wasan da take gwadawa nata ne, wata biyu ta yi tana haɗa shi a ranakun hutu. Babu hoto a ciki, rubutu ne zalla. Ka rubuta "gabas", wasan ya ce maka ka shiga ɗakin girki, ga murhu, ga tukwane. Duk wanda kuke ɗaki ɗaya da shi za ka ga sunansa, ka yi masa magana. Ɗakunan kuwa na gidan da babanta ya tashi a ciki ne, wanda aka rushe shekara ashirin da suka wuce, aka shimfiɗa titi a kansa.

Don mutum biyu ta yi shi. Na farko babanta, tsohon tela, wanda idonsa ya yi rauni. Waya ce ke karanta masa rubutu, shi kuma ya faɗa ta rubuta. Na biyu yayansa, Baffa, da ke wani gari mai nisan yini guda a mota. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baffa bara, harshensa ya yi nauyi, ya daina ɗaga waya. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koyarwa a aji ba ya son a ce masa "me ka ce?" Wata goma sha ɗaya ke nan ƙanensa bai ji daga gare shi ba. Da yatsa ɗaya na hannun hagu yake iya rubutu. 'Yarsa ce ta shawo kansa ya yarda ya shiga wasan ranar Asabar da ƙarfe huɗu, ta kuma ja wa Injiniya kunne: "Sau ɗaya ya ce zai gwada. Kin dai san halinsa."

Dalilin gwaje-gwajen ke nan. Kowanne ɗan guntu ne: ya ƙirƙiri ɗan wasa na bogi, ya ajiye shi a wani ɗaki, ya ba shi umarni ɗaya, ya duba inda ya faɗa. In ya faɗa inda ake zato, kore. In ba haka ba, ja. Akwai na wanda yatsansa ya zame ya rubuta "gabbas", akwai na mutum biyu da suka nufi ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ta fi ji da shi shi ne na goma sha bakwai, mai zagaye gidan kaf ya tabbatar duk hanyar da aka bi aka shiga ana iya bi a fito.

Huɗu saura kwata Baba ya fito falo da rigarsa ta fita unguwa, an goge ta har da kari.

"Baba, ba fa zai gan ka ba."

"Ni na san na sa."

Ta shigar da shi wasan. Wayar ta ce, da muryarta ta ko-in-kula, "Kana tsakar gida. Ga rijiya, ga bishiyar mangwaro."

"Rijiyar ta fi haka kusa da bishiyar," in ji Baba.

"Ba a faɗi nisa ba, Baba."

"Na ji a muryarta."

Huɗu da minti shida sunan Baffa, Yaya kamar yadda ta sa masa a wasan, ya bayyana a allonta, inda take ganin duk abin da kowa ya rubuta. Yana tsaye a ƙofar gida. Abin da ya rage masa kawai ya rubuta "shiga" sau biyu: baranda, sai tsakar gida. Gwaji uku ne ke tsaron wannan hanyar. Minti ɗaya ya wuce, sannan kalma ɗaya ta fito.

"katanga"

Wasan ya amsa, "Babu hanya ta nan."

Bayan minti ɗaya da rabi: "haura katanga". Amsar ba ta canza ba.

"Me yake yi ne?" Baba ya tambaya.

"Katanga yake ta rubutawa."

Baba ya yi dariya har da buga gwiwa. "To ai ta nan zai shigo. Yaya bai taɓa bin ƙofa ba in tsohonmu na baranda da rediyonsa. Ya zagaya ta lungu, ya taka tsohuwar taya, ya dira bayan rijiya. Ban faɗa miki ba?"

Ya faɗa mata. Ta ma saka hanyar tun makon farko. Sai gwaji na goma sha bakwai ya yi ja, domin ta ciki babu taya, katangar ta fi ƙarfin yaro: ana shiga ta nan, ba a fita. Ita kuma ta ɗauka kuskure ne, ta goge hanyar, gwajin ya koma kore, ta ji daɗin kanta.

Layi na uku ya fito: "ba gidanmu ba ne". A lokacin saƙon 'yar Baffa ya shigo wayarta: "Yana neman ajiye wayar."

"Baba, fita ka tare shi a ƙofar gida. Minti biyar nake so."

Baba ya kai wayar bakinsa, ya ce "fita", ya sake cewa "fita". Wayar ta ce, "Kana ƙofar gida. Yaya yana nan." Ya murza maɓallin rigarsa. Sannan ya gyara murya.

"Ce: Yaya, tsufa ne ya hana ka hawa, kada ka ɗora wa katanga laifi."

Suka jira. Fanka na juyawa a sama. Can wayar ta karanta, "Yaya ya ce: auta ba ka da kunya."

"Yana nan," in ji Baba. Shekararsa saba'in da ɗaya, kuma mutum ɗaya ne ya rage a duniya mai kiransa Auta. "Injiniya, ki buɗe katangar kawai, ki bar wannan kore da ja naki."

"In na taɓa ba gwaji, abin ya karye, ku duka biyu zai watso waje. Kai za ka dawo. Shi fa?"

Baba ya koma kan wayarsa. Ya shiga ba yayansa labarin yadda wai shi ne ya koya masa hawan katangar, alhali lokacin ko wando bai iya ɗaurewa ba. Amsar ba ta daɗe ba kamar sauran: "ƙarya".

Ita kuwa ta rubuta gwaji na arba'in da huɗu. A ajiye mutum biyu a ƙofar gida, ɗaya ya ce "katanga". Dole ya faɗa bayan rijiya, na waje kuma ya ga tafiyarsa. Ta danna, ya yi ja, yadda ya kamata tunda hanyar ba ta nan. Ta mayar da hanyar, da tayar, da lungun. Na arba'in da huɗu ya yi kore, na goma sha bakwai ya yi ja. Ta dubi jan gwajin. Ba ƙarya ya yi ba, hanyar ba ta da komowa. Ba ta goge shi ba, ta dai ƙara masa layi ɗaya: ban da katangar baya. Ta sake dannawa. Arba'in da huɗu, duk kore. Ta tura gyaran.

"Ce masa ya sake."

"Ce: Yaya, an dawo da tayar."

Minti biyu cur allon bai motsa ba. Injiniya ta lura ta riƙe gefen tebur, ta saki. Sai wayar ta ce, "Yaya ya taka taya, ya haura katanga."

Baba ya miƙe zaune sosai. "Katanga."

Wayar ta ce, "Ka dira bayan rijiya. Yaya yana nan. Yaya ya ce: a hankali tsoho na baranda."

Baba ya rage murya har wayar ta kasa jin sa, sai da ya maimaita. Injiniya ta tashi ta shiga ɗakin girki ta ɗora ruwan shayi, ta kuma daɗe a can fiye da yadda ruwa ke buƙata.

Biyar da rabi suka tashi, shi ma don yatsan Baffa ya gaji ne. Saƙon 'yarsa ya biyo baya, Injiniya ta karanta wa Baba: "Ya ce Asabar mai zuwa ƙarfe huɗu. Ya ce kuma a cire mangwaron nan, gwaiba ce."

Ta jawo kwamfutar. "Wanne ne gaskiya, Baba? Yanzu zan gyara."

Baba yana ɓalle maɓallan rigar ɗaya bayan ɗaya. "Gwaiba ce."

"To me ya sa ka ce mini mangwaro?"

"Mantuwa. Amma ki bar shi haka." Ya ninke rigar a kan cinyarsa, ya shafa karin da tafin hannu. "In kin gyara, me zai zo ya yi mini faɗa a kai?"