Ƙidayar Ottavio

Fim ɗaya Ottavio ya taɓa fitowa a rayuwarsa, na kaboyi, a 1968, shi ma minti biyu kacal. A fim ɗin an harbe shi, yana kwance a ƙasa, ya kama hannun wata mata ya ce, "Tsaya nan inda zan riƙa ganinki, ba nisa zan yi ba." Da wannan 'yar maganar ya ƙwace mini Nives, yarinyar da na yi shekara biyu ina nema. Ni da shagon askina, shi kuwa dakon nama yake yi a mayanka, amma shi ta aura.

Kowa a unguwarmu ta Centocelle ya san yadda ake fim a Roma a wancan zamani. Hoto kawai ake ɗauka, daga baya a kira gwanayen murya su ɗora magana. Ottavio ya rantse shi kam muryarsa ce, wai darakta da ya ji ta sai da ya yi hawaye. Shekara hamsin da ɗoriya muna shan wannan labari a shagon shan kofi na Remo, har ya gundure mu.

Da tsufa ya kama shi, sai mantuwa ta shigo. Ya manta sunayen 'ya'yansa, ya manta hanyar gida. Maganar fim ɗin nan ce kaɗai ta rage masa. Kullum da safe Nives za ta miƙa masa hannu, ya kama, ya faɗi maganar, sannan ya dube ta ya ce, "Nives." Daga nan ya gane ta ke nan har yamma.

Bana wani kamfani ya tono fim ɗin, ya wanke hotonsa tas, ya fitar da shi a sabon faifai. Na saya, na kalla ni kaɗai. A ƙarshe sun ƙara tarkacen da ba a taɓa nunawa ba, har da ainihin sautin da aka ɗauka ranar aikin. Sau uku na saurara, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi ya kashe ni.

Na tare Nives a ƙofar mai burodi. "Ki kawo mana jarumin ranar Lahadi bayan coci, mu karrama shi."

"Na gode, Gaspare," in ji ta. "Ban zaci kai ne za ka tuna da shi ba."

Ta kawo shi cikin kwat ɗinsa na biki, ta taje masa gashi. Shagon Remo ya cika maƙil. Aka kalli fim, aka tafa wa mutuwar Ottavio, shi kuma yana ta murmushi. Sai na ce akwai saura, na danna.

Ga Ottavio yana saurayi, kwance, riƙe da hannun matar. Ya buɗe baki, wata siririyar murya mai rawa ta fito: "Ɗaya, biyu, uku, huɗu…"

Daga gefe darakta ya daka tsawa: "A hankali, jaki! Ƙirge kawai aka ce ka yi don bakinka ya motsa, shi ma ya fi ƙarfinka? Wa ya kwaso mana wannan ɗan dakon?"

"Yi haƙuri, maigida. Ɗaya, biyu…"

Sau shida aka sa shi ya sake. Shago ya ɗauki dariya, har da masu riƙe ciki.

"Nives, ashe da lissafi aka sace zuciyarki?" in ji Remo, yana share hawaye.

Ottavio bai ji su ba. Ya matso kusa da talabijin, leɓɓansa suna bin ƙidayar. Nives kuwa ni take kallo. Na ɗauke kai, na kurɓi kofina.

Ranar Alhamis ina share shagona sai ga su a bakin ƙofa. Ba ta gaishe ni ba.

"Tunda kana son kallo, kalli wannan," in ji ta.

Ta miƙa masa hannu. Ya kama, ya ƙirga har goma sha ɗaya. Sannan ya ɗago ya dube ta cikin ladabi, kamar yadda ake duban baƙuwa.

"Baiwar Allah," ya ce, "ki taimaka ki roƙar mini darakta, kada ya kore ni."